Kan-sarki da Lamba Tara

Duk wanda ya zo Marzola a 'yan shekarun nan ya ga tsofaffin nan biyu a bakin teku. Na gaba siriri ne, gashinsa fari fat amma a taje tsaf, yana tafe yana rangaji sai ka ce har yanzu ana tafa masa. Na baya gajere ne kakkaura, hancinsa a karkace, yana ɗingisa ƙafar dama, kuma bai taɓa jerawa da na gaban ba. Kullum yana dab da bayan kafaɗarsa ta hagu, hannu ɗaya a ɗan miƙe. Baƙi masu zuwa wanka lokacin zafi sukan ce, "Allah sarki, dubi 'yan'uwa." Mu da muka san su sai mu yi dariya. Na gaban Loris Cangini ne, tsohon lamba tara na Fontebassa, garin da ke ƙetaren gada. Na bayan Elvio Tognacci ne, lamba biyar ɗinmu, kuma Loris ne ya karkata masa hancin da gwiwar hannu. Ƙwaƙwalwar Loris ta riga ta tafi, ba ya gane hanyar gida, ɗansa kuma ya rantse in ya ƙara ɓata sau ɗaya zai kai shi gidan tsofaffi na kan tudu, inda ƙofa ba ta buɗuwa daga ciki. Wanda ya tsaya tsakanin Loris da ƙofar nan shi ne mutumin da ya fi kowa hana shi sakat a duniya.

Elvio ɗan mai sauke kifi ne. Yana saurayi Mista Galassi, kocin ƙungiyar garinmu, ya gan shi a bakin ruwa ya ɗora akwatunan kifi a kafaɗa yana tafiya ko haki ba ya yi. Ya cire sigari daga baki ya kira shi.

"Kai, ka iya ƙwallo?"

"A'a, Mista."

"Madalla. Waɗanda suka iya sun ishe ni, kowa so yake a tafa masa. Zo fili gobe."

Wasansa na farko da Fontebassa aka yi, kuma duk wanda ya san garuruwan nan biyu ya san kogi ne kawai ya hana su cinye juna. Kafin a fita Mista ya ja shi bakin ƙofa ya nuna masa wani dogon yaro mai gashi har kafaɗa, safarsa a zube a idon sawu, yana yi wa 'yan mata murmushi.

"Ka ga mai lamba taran can? Naka ne. In ya yi hagu ka yi hagu. In ya tsuguna ɗaurin takalmi ka tsaya a kansa. In ya shiga bayan gida ka bi shi. Ƙwallo kuwa ba ruwanka da ita, akwai masu kula da ita."

Kowane koci a ƙasar nan yana faɗa wa ɗan bayansa wannan magana ta bayan gida, kuma kowane ɗan baya ya san ƙarin gishiri ne. Elvio kaɗai ne bai sani ba. Da aka tafi hutun rabin lokaci aka nemi lamba biyar a ɗakinmu aka rasa. Can aka same shi a ɗakin baƙi, zaune a benci gefen Loris, har mai raba shayi ya miƙa masa kofi bisa kuskure yana kurɓa. Loris ya toshe hanci ya ce, "Wa ya shigo mana da wannan ƙarnin?" Daga ranar Ƙarni ya zama sunansa a bakin Loris. Mu kuma muka sa masa Kan-sarki, yadda ake ce wa ɗan bayan da ke manne wa mutum: a lasa a liƙa, ba ya ɓanɓaruwa sai wasiƙa ta isa. An tashi ba ci, Mista Galassi ya ce bai taɓa ganin wasa mai kyau irin wannan ba.

Daga nan suka kama hawa tare, ba don suna so ba. Wata ƙungiya ta rukuni na biyu ta sayi Loris saboda ƙwallayen da yake zubawa. Kaka mai zuwa maƙwabciyarta ta sayi Elvio, don ta ji labarin akwai mutum ɗaya da ya san maganinsa. Loris ya hau babban rukuni can arewa, bai gama murna ba ya waiwaya wata Lahadi ya ga Ƙarni a bayansa cikin sabuwar riga. Sauran Lahadin Elvio wasu lamba taran yake bi, dogaye da gajeru, 'yan ƙasa da baƙi, kuma duk ya bi su tsakani da Allah. Amma waɗannan aiki ne kawai, Loris shi ne karatunsa. Ya san in ya saukar da kafaɗar hagu dama zai bi. Ya san in ya yi shiru akwai abin da yake ƙullawa, in yana zagi kuwa gajiya ce. Daga numfashinsa yakan gane sun yi faɗa da matarsa Iole kafin ya fito. Loris ya karya masa hanci, ya zubar masa da haƙori, ya zagi uwarsa da kakarsa da duk kifin da ke tekun Marzola. Elvio bai taɓa rama zagi ba. Ya dai yaga masa riguna ba adadi, ƙwaurin Loris kuma har ya tsufa yana ɗauke da tambarin takalminsa.

Ran Litinin jaridar wasanni kan ba kowane ɗan wasa maki cikin goma, kuma a ƙasar nan mutum ya fi tsoron wannan makin da wa'azin Fada a coci. In sun haɗu, Loris biyar yake samu, a rubuta "ba a gan shi ba". Elvio kuma shida, a rubuta "ya yi aikinsa". Ba wanda ya taɓa zama ya haɗa maganganun nan biyu. 'Yan jarida ƙwallo suke kallo, shi kuwa Elvio duk ƙoƙarinsa kada ƙwallo ta zo inda yake, don haka ranar da ya fi ƙwazo ita ce ranar da ba mai tuna ya buga. Shida ya samu yana saurayi, shida ya samu yana kyaftin. Matarsa Nives, wadda bakinta ba ya raga wa kowa, takan ce ko a zaman aure shidan ne: ba ya sha, ba ya yawo, ba ya magana.

"Mijin Iole dai ka san numfashinsa," takan ce. "Ni da zan aske kaina ƙwal in zauna a gabanka, sai an kwana biyu ka lura."

"Ke ai ba kya guduwa," in ji Elvio.

A wajensa wannan ita ce kalmar soyayya, Nives kuma ta daɗe da karɓarta a haka.

Sau ɗaya ƙasa ta tuna da shi. An kira shi ƙungiyar ƙasa, ta biyun dai, wadda ake turawa wasannin da manya ba sa son wahalarsu. Amma rigar ƙasa shuɗiya, ko ta ƙungiya ta biyu ce, riga shuɗiya ce. Labarin ya iso ta wayar shagon gahawa na Secondo, kafin ya kai gidan uwar Elvio har Fada ya sa an kaɗa ƙararrawar coci. Ƙungiyar ta tafi wata ƙasa ta gabas mai sanyin tsiya. Garin nan kakaf ya taru a kan rediyon Secondo, har da waɗanda ba su taɓa sayen gahawarsa ba. Elvio na benci lulluɓe da bargo, idonsa a kan lamba taran mutanen, wani ƙato mai jan gemu. Ya karance shi tas, ya san ƙafar da yake so, ya gane ba ya son a taɓa masa ƙugu. Ana dab da tashi koci ya ce ya tuɓe. Ya tsaya bakin layi yana tsalle. Sai kocin can ma ya ɗaga hannu zai yi canji. Wa zai cire? Mai jan gemu. A bakin layin suka yi kiciɓis, ɗaya na shiga ɗaya na fita, ƙaton har da dafa masa kafaɗa. Wanda aka sa a madadinsa ɗan baya ne, ya koma can gidansu ya kafe. Elvio ya zaga filin nan yana leƙen bayan rigunan mutane, bai samu nasa ba aka busa tashi.

Ran Litinin jarida ta sa masa abin da ake sa wa wanda bai buga abin da za a auna ba: ba maki. Tarihinsa ke nan a ƙungiyar ƙasa, daga farko har ƙarshe. Rigar tana nan cikin gilashi a shagon Secondo, fes da ita, don ko gumi ba ta sha ba.

Kalma ɗaya ce ta gama da shi. Ya dawo rukuni na biyu, gwiwa ta fara ciwo amma yana nan daram, sai aka kawo wani matashin koci mai tabarau wanda ya fi son alli da allo a kan ciyawa. Ranar farko ya zana fili ya yanyanka shi gida-gida.

"Daga yau ba mai bin mutum. Zona za mu yi, kowa da yankinsa."

Elvio, wanda bai taɓa tambayar koci komai ba, ya ɗaga hannu. "Mista, ni wa zan bi?"

"Ba kowa. Daga nan zuwa nan naka ne. Wanda ya shigo ka tare shi, in ya fita ka bar wa na gaba."

"In ba wanda ya shigo fa?"

"Sai ka tsare wurin."

"Ciyawar?"

Yara suka kwashe da dariya, shi kuwa da gaske yake tambaya. Elvio mutum ne mai bin umarni, don haka ya bi wannan ma. Ba a jima ba suka haɗu da ƙungiyar su Loris, wanda lokacin ya fara tumbi, gudunsa ya ragu, saura wayo. Ya shigo yankin Elvio ya ji hannu a rigarsa, ya taka ya fita daga yankin, sai ya ji hannun ya sake shi. Ya waiwaya cikin mamaki. Elvio na tsaye a kan ciyawarsa, jijiyoyin wuya sun tashi, kamar karen da aka ɗaure ana wucewa da nama. Biyu Loris ya ci ranar, kuma su ne kaɗai ya taɓa ci Elvio na cikin fili. Da aka tashi ya zo ya tsaya a gabansa, maimakon ya yi masa tsiya sai ya ɓata rai.

"Ƙarni, yau ina ka shiga? Ka bar ni ni kaɗai kamar maraya."

Ƙarshen kakar Elvio ya rataye takalmi.

Ya dawo Marzola aka ba shi gadi a babban kantin da aka buɗe a hanyar tasha, amma bai daɗe ba. Da safe sai ya zaɓi mutum ɗaya cikin masu shigowa ya liƙe masa tun daga wajen taliya har bakin ƙofa, ɓarayi kuma na ta bayansa suna ɗibar cuku. Ranar da ya bi matar magajin gari har ɓangaren kayan mata aka sallame shi cikin mutunci. Ya koma kasuwar kifi yana fasa ƙanƙara, nan ya zauna har ya yi ritaya. Loris ma ya koma Fontebassa ya buɗe kantin kayan wasa, yana cin abinci kyauta a gidajen biki da labarin ƙwallayensa, waɗanda kowace shekara suke ƙara nisa da kyau. In sun haɗu a kan gada Loris ya toshe hanci, Elvio ya gyaɗa kai. Iyakar zumuncinsu ke nan har gashinsu ya yi fari.

Wata safiya Iole ta ƙetaro gada da farantin kek ta shiga kicin ɗin Nives. Matar Fontebassa ba ta ƙetaro gada da kek a banza. Ta zauna, kafin a zuba mata gahawa ta fara hawaye. Loris ya fara ajiye takalmi a firij, in ji ta, wannan ba komai. Ya fara kiranta da sunan uwarsa, wannan ma ta haƙura. Amma fita yake yi. An tsinto shi a bakin layin dogo. An tsinto shi a wani gari yana tambayar ina ne ɗakin sa kaya. Ta ɗauko mata biyu masu jinyar tsofaffi, duk ya yanke su.

"Ta ƙarshen fa yarinya ce mai ƙarfi, Nives, ba raguwa ba. Ya nuna mata zai shiga wajen mai burodi, ta juya, kafin ta waiwayo ya bi lungu."

Elvio na bakin ƙofa yana gyaran rediyo, ya ce, "Kafaɗar hagu ya saukar?"

Iole ta ɗago kai.

"In ya saukar da ta hagu, dama za shi."

"Abin da ya kawo ni ke nan," in ji Iole. "Ɗanmu Mirko ya ce in ya ƙara ɓata shi ke nan, kan tudu zai kai shi. Ni kuma zuciyata ba ta da lafiyar bin sa. Elvio, ban san wanda ya taɓa riƙe mutumin nan ba sai kai."

Elvio ya dubi Nives. Nives ta ci gaba da yanka kek.

"Me kake kallona? Tafi mana. Dama ai shi ka aura, ni riƙonka aka ba ni."

Washegari ya je. Loris na zaune a falo cikin kwat, ya dube shi yadda ake duban mai karanta mitar wuta. Suka fito titi, Elvio ya koma bayan kafaɗar hagu, wurin da ya bari shekara da shekaru. Ba su yi nisa ba Loris ya ja hanci, ya tsaya, sai ga gwiwar hannu ta taho. Da ƙyar Elvio ya kauce.

"Ƙarni! Ɗan banza, har yanzu ba ka mutu ba?"

Iole na taga ta toshe baki, ta rasa dariya za ta yi ko kuka, don ita an kwana biyu bai kira sunanta daidai ba. Elvio kuwa daɗi ya ji, irin wanda ko ranar riga shuɗiya bai ji ba. Da ya koma gida ya share taliyarsa ya nemi ƙari.

Haka suka ci sanyi suka ci zafi, suka sake ci. Loris bai bar dabara ko ɗaya ba. Ya tsuguna ɗaurin takalmin da ba shi da igiya. Ya nuna sama ya ce, "Dubi can!" Ya kutsa cikin masu rakiyar gawa ya sunkuyar da kai yana jimami. Duk inda ya ɓullo sai ya ji huci a wuyansa. Ko bayan gida ya shiga a shagon Secondo, Elvio na tsaye ya tokare ƙofa da ƙafa, kuma da Mista Galassi na raye da ya ga inda maganarsa ta kai. Tsofaffin da ke karta a shagon suka dawo da aikin jarida. In Elvio ya mai da Loris gida ya biyo ta nan da yamma, sai su ɗaga murya: "Shida!" Ranar da Loris ya shige ƙarƙashin mutum-mutumin waliyyin gari ana zagayawa da shi, Elvio ya zaro shi ta ƙafa ba tare da an tsai da waƙa ba, sun daɗe suna gardama kafin su yarda da shida da rabi.

Mirko ba mugu ba ne, wannan dole a faɗa. A Milan yake aiki, kuma duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara gabansa faɗuwa yake. Da ya zo hutu ya ɗauki Elvio a mota ya kai shi kan tudun, wai ya gani da idonsa ba kurkuku ba ne.

"Dubi tsafta, Baba Elvio. Kowane ɓangare da ma'aikaciyarsa. In mutum ya bar nan ya shiga can, ta can ce za ta karɓe shi."

"Zona ke nan."

"Na'am?"

"Ba komai."

"Kai ma fa ka haura saba'in, ga gwiwa. Ranar da ya kuɓuce maka mota ce za ta tare shi, ko jirgin ƙasa. Ni ba zan zauna jiran wannan wayar ba."

"Ba zai kuɓuce ba."

"Sau ɗaya, Baba. Na faɗa wa Mama, kai ma na faɗa maka."

Abin ya faru ne wata safiya farkon zafi. Sun zo bakin doguwar katangar duwatsun nan da ta shiga cikin teku, wadda ake tafiya a kanta har gindin fitilar jiragen ruwa. Loris ya tsaya ya juyo gaba ɗaya, abin da ba ya yi. Idonsa tar, babu hazon nan da ya saba kwanciya a ciki.

"Elvio."

Tun suna samari bai taɓa kiransa da sunansa ba.

"Ba ka gaji ba?"

"A'a."

"Ni na gaji. A gida Iole, a titi kai. Ko fitsari zan yi sai da ido a kaina. Na san kaina ba daidai yake ba, kada ka ɗauka ban sani ba. Amma ka bar ni in je gindin fitilar can ni kaɗai in dawo. Sau ɗaya. Don Allah, Elvio."

Elvio ya san maganin gwiwar hannu, ya san na zagi, na tofin yawu da na yankan hagu da dama. Ba kocin da ya taɓa koya masa abin da ake yi in lamba tara ya ce don Allah. Ya duba kafaɗa, ba wadda ta sauka. Ya duba katangar: teku a hagu, teku a dama, teku a gaba, hanyar fita ɗaya ce tak, nan inda suke tsaye. In ya tsare bakin nan ba inda mutum zai bi. Tausayi ya kama shi. Ya ja baya ya zauna a kan ƙarfen ɗaure jirgi.

"Je ka."

Ya zauna yana kallon farin kan nan yana ƙanƙancewa, yana rangaji, har ya sha kwanar fitila. Ya jira. Ya ji daɗin abin da ya yi, har ya ɗan miƙe ƙafar mai ciwo. Abin da ya manta, shi ɗan garin da aka haifa a bakin ruwan nan, shi ne cewa in zafi ya shigo kwalekwalen fito mai kai mutane Fontebassa yakan tsaya a matakalar da ke bayan fitila. Ƙarar inji ce ta tashe shi. Kwalekwalen ya riga ya kai tsakiyar bakin kogi, ga Loris tsaye a cikinsa, ya ɗaga hannu sama. Ko bankwana yake yi ko murnar ci, daga nesa ba a ganewa.

Elvio ya yi gudun da rabonsa da shi tun yana sa lamba biyar. Ya zagaya ta gada, ya bi gida, ya bi tasha, ya bi coci. Sai la'asar 'yan sanda suka tsinci Loris a wajen ajiye motoci na wani babban kanti, inda tsohon filin Fontebassa yake a da. Ya faɗi ya karya ƙugu, yana kwance tsakanin motoci yana ihun a ba shi fenareti. Mirko suka fara kira.

Iole riƙe hannun Elvio kawai ta yi. Mirko ya ce, "Ba laifinka ba ne, Baba, ka yi iya ƙoƙarinka," kuma Elvio ya gwammace da zaginsa ya yi. A shagon Secondo aka rabu gida biyu. Wasu suka ce hankalin Loris ne ya dawo na ɗan lokaci, da gaske yake roƙo, kwalekwalen kuma tsautsayi ne. Wasu suka ce ina, yanka ce, mafi kyau da ya taɓa yi, ya ajiye ta shekara hamsin yana jiran rana. A kan maki dai ba a yi gardama ba. Da Elvio ya wuce ba wanda ya ɗaga murya, amma ya ji wani ya ce huɗu a hankali, kuma bai ga an zalunce shi ba.

Daga asibiti kan tudu aka wuce da Loris. Elvio bai iya zuwa ba sai da aka kwana biyu, kunya ta hana shi. Nives ce ta gaji da ganinsa zaune yana kallon bango, wata Lahadi ta goge masa riga ta tura shi tashar bas.

Ya same shi a babban ɗaki cikin layin tsofaffi, kowa ya fuskanci talabijin. Yana kan kujera mai taya, an ɗaura masa wani lallausan bel a ciki, an rage masa gashi ƙasa-ƙasa yadda wankinsa zai yi sauƙi. Elvio ya zagaya bayansa ya tsaya a wurinsa. Ya matsa. Ya yi numfashi da ƙarfi. Ya kama gefen rigar ya ɗan ja. Gwiwar hannun tana kwance a kan hannun kujera, ba ta motsa ba.

"Baba, ga kujera, zauna mana," in ji ma'aikaciyar ɓangaren tana wucewa da tire. "Ba inda za shi."

Ya jawo kujerar ya ajiye ta a gaban Loris ya zauna. Ya san ƙeyar mutumin nan fiye da tafin hannunsa, amma fuskar sai yau ya samu damar kallonta a tsanake, ya ga ashe tsoho ne ƙwarai. Loris ya ɗauke ido daga talabijin ya dube shi, ya yi masa murmushi mai ladabi, irin na mai kanti.

"Barka da rana, yallaɓai. Wani kake nema?"

Elvio ya gyaɗa kai.

"E," ya ce. "Wani aka ba ni in riƙe, ya ɓace mini."

"Ayya," in ji Loris, ya dafa masa gwiwa. "Allah ya bayyana shi."

"Amin," in ji Elvio.